Dokar Magariba ta Gidanmu

A gidanmu, da zarar an idar da sallar la'asar, mata sai su tashi wani aiki da na tsana fiye da daka da wanke-wanke: kwashe tsakar gida. Ba shara nake nufi ba, shara kowa yana yi. Turmi ya koma jikin katanga, taɓarya ta kwanta a bayansa, butoci su jeru a gindin mangwaro, kujerun tsuguno su shige ƙarƙashin rumfa, igiyar shanya a kwance ta a naɗe. Ko takalmi ƙafa ɗaya aka bari a hanya, Dada, wato mahaifiyarmu, za ta ƙwala wa mai shi kira har maƙwabta su san an yi laifi. Maza kuwa, babba da yaro, in rana ta faɗi iyakarsu masallacin ƙofar gida.

Tun ina ƙarama nake tambayarta dalili, amsar kuma ba ta taɓa canzawa ba. Hausar Dada irin ta tsofaffin Mubi ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Sai ta ce, "Haka na samu a gidan babana. Magariba lokacin mutanen ɓoye ne, ba a tare musu hanya. Kai dai ɗauka turmi." Na yi ta ɗauka ina gunaguni har na girma, na yi karatu, na zama malamar makaranta, na yi aure a cikin ƙabilar Gude. Abin haushin, da na je gidan mijina sai na tarar hannuna ya saba. La'asar na yi nake kwashe tsakar gidana tsaf, daga baya na koya wa 'ya'yana mata, har dangin mijina suna yaba mini tsafta.

Abin da ya tono wannan doka shi ne shekarar da ɗana na fari ya gama sakandare. Yana zaune yana jiran gurbin karatu, sai ya ce shi zai riƙa bin motar kawunsa ya koyi tuƙi. Kawun nan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Mubi da Belel da wata tsohuwar mota. Ni kuwa na rantse ɗana ba zai sa ƙafa a cikinta ba, domin ƙanena ba ya gani in rana ta faɗi. Duk gidanmu sun san haka, kuma babu mai faɗa.

Ba tun yau ba ne. Yana yaro, in aka aike shi ɗaki da yamma sai ya yi ta lalube bango. Dada ta ce dundumi ne, ta sa a sayo hanta a gasa, a ɗiga masa ruwanta a ido, ya cinye sauran. 'Ya'yan maƙwabta da suka yi dundumi, hanta biyu ko uku suka warke. Shi kuwa ya ci hantar da za ta isa garke guda, mu muna gefe muna haɗiyar miyau, amma bai daina karo da ƙofa ba. Da ya girma abin ya ƙaru har da rana. In ka miƙa masa hannu daga gefe ba zai gani ba, sai mutane suka ce girman kai gare shi. Ranar Juma'a shi ne na ƙarshen fitowa daga masallaci, yana jira kowa ya ɗauki takalminsa, wanda ya rage shi ne nasa.

A tasha kuma sai ya yi suna da tsoron Allah. Ko kasuwar Belel tana tsakiyar ci, ana kiran la'asar zai tayar da mota, ya cika ko bai cika ba, wai ba ya son magariba ta same shi a hanya. Tsofaffi suna sa masa albarka. Ni da na san dawar garin, duk sanda na ji ana yabonsa sai in ji kamar in fasa ihu. Damina ɗaya mota ta ɓaci masa a hanya, gyara ya kai shi faɗuwar rana, ya zo gangaren wani mayo, wato rafi, ya ɗauke jakin wani bawan Allah da kayan masararsa. Allah ya tsare mai jakin. Da na je masa jaje na ce, "Yanzu jaki guda, da kaya a bayansa, ba ka gan shi ba?"

Ya ce, "Adda, jakin ne ya shigo. Kuma mota na ya san hanyan Belel ya fi ni sani."

"To motar ce za ta amsa tambaya ranar da ka taka mutum?"

"Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri."

Na kai ƙara wurin Dada, ta ce, "Kai boko ya ɓata ka. Idon ɗana lafiya, mutane ne suka sa masa baki." Na ce gado ne, tunda na taɓa jin ƙishin-ƙishin cewa kakanmu, mahaifinta, ya rasu ba ya gani. Nan ta taso mini. In gado ne, me ya sa 'yan'uwanta maza, waɗanda tsohon ya haifa da cikinsa, har yau suke zura zare a allura? Me ya sa 'ya'yan ƙanena maza uku suke wasa a waje har isha ba su taɓa tuntuɓe ba? Mahaifinmu kuma, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya yana gane sa da saniya daga ƙarshen kasuwar shanu. A wurinmu gado ta wajen uba yake bi, kamar gona da sunan gida. Ni ma a lokacin haka na yarda.

Mijina ma bai taimaka ba. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da yake ƙara wa mai fushi zafi. Ya ce, "Kawunsa ne fa. In na hana, me zan ce wa mutane? Kawo mini magana daga bakin likita, ni da kaina zan hana." Ya faɗa ne don ya san ƙanena ba zai taɓa zuwa asibiti ba. Ɗana kuwa har ya fara zuwa wanke mota da safe, yana dawowa da baƙin mai a riga yana murna.

Sai Allah ya kawo mini hanya. Idon Dada na hagu ya yi yana, aka ce a kai ta asibitin ido a Yola. Ƙanena ya ce shi zai raka ta, ni ma na ce zan je. Na dage muka shiga motar haya, na ce tasa ba za ta kai mu ba, wanda kuma gaskiya ne. Da muka isa, na je yankar kati na yanki biyu. Bai ankara ba sai da aka kira shi bayan an gama da Dada. Ya juyo ya yi mini wani kallo, amma zauren cike yake da mutane, kunya ta hana shi gardama. Ya shiga, na bi bayansa, Dada ma ta biyo mu tana ta salati.

Likitan ɗan wajen duwatsun Michika ne, mai magana a hankali. Ya ɗiga wa ƙanena magani, muka jira, sannan ya kashe fitila ya leƙa cikin idon da wata 'yar tocila, ya daɗe yana leƙawa. Bayan haka ya sa ƙanena ya kalli hancinsa, shi likitan, yana kawo yatsa daga gefe, ya ce in ya gani ya faɗa. Yatsan nan ya taho, ya taho, har ya kusa taɓa masa kunci, ƙanena shiru. Ni da na zo neman hujja, sai na kawar da kai.

Likita ya kunna fitila ya ce a bayan ido akwai wani shimfiɗi mai karɓar haske, na ƙanena kuma yana lalacewa ne daga gefe yana shigowa tsakiya. Shi ya sa duhu ya fara gagararsa, yanzu kuma da rana ma ganinsa kamar mai leƙe ta ramin makulli. Dada ta ce, "An ba shi hanta fa." Ya ce, "Mama, dundumi iri biyu ne. Akwai na ƙarancin abinci, shi hanta tana maganinsa. Wannan da shi aka haife shi, a jini yake."

Na gyara zama. Ai ga ranar da nake jira.

Ya jawo takarda ya juya bayanta, ya ce zai zana danginmu, maza da ɗan akwati, mata da da'ira. Ya fara tambaya ta wajen mahaifinmu, babu kowa. Ya tambaya ko Dada da mahaifinmu 'yan'uwa ne, domin wani irin ciwon yakan fito in uwa da uba duk suna ɗauke da shi. Muka ce a'a, ba su haɗa komai ba. Sai ya juya ga Dada. "Mama, babanki fa?" Ta hau murza bakin mayafi. Na ce, "Dada, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta harare ni, sannan ta ce babanta tun tana yarinya ba ya fita da yamma, da ya tsufa kuma sai da sanda. Likita ya cike akwatin kakanmu da baƙi. Ya tambayi 'yan'uwanta maza, lafiya. 'Yan'uwanta mata, lafiya. 'Ya'yan matan fa? Nan Dada ta tuna da ɗan yayarta da ke Uba, wanda ya bar noma tun yana da ƙarfinsa, aka ce asiri aka yi masa. Likita ya cike wannan ma, ya cike na ƙanena.

Ya juyo mana da takardar. Baƙaƙen akwatuna uku, kuma tsakanin kakan da jikokin babu komai sai da'irori farare. Ya ce ciwon iri-iri ne, kuma gwajin da zai tabbatar da wane iri ne ba a yin sa a nan, amma yadda ya bi gidan nan ya yi kama da wanda yake bi ta mata. Namiji mai shi ba ya ba ɗansa namiji. 'Ya'yansa mata yake bar wa, su riƙe shi kamar ajiya, yawanci ba sa jin komai, sai sun haifi maza, wani ya ɗauka wani ya tsira. Ya ce babu maganin da zai mayar da abin da ya tafi, amma ana iya duba ido a kai a kai, a cire yana in ta fito, mutum kuma ya shirya rayuwarsa tun da sauran gani. Tuƙi kuwa, ya dubi ƙanena ya ce, "Ɗan'uwa, ka ajiye shi yau, ba gobe ba."

Wallahi ban ɓoye ba, daɗi na ji. Ban ma lura da ƙanena da ya sunkuyar da kai ba. Na ce, "Likita, don Allah rubuta mini wannan a takarda, ka buga hatimi. Akwai wanda zan kai wa." Ya ce zai rubuta. Sai ya mayar da biro kan zanen, ya tsaya a kan da'irar da ke kusa da akwatin ƙanena.

"Malama, wannan ke ce. Kina da 'ya'ya maza?"

Na ce, "Biyu. Amma su ba 'yan gidanmu ba ne, jinin babansu ne."

Ya ce, "Ƙanenki ma ai ba ɗan gidan kakanku ba ne."

Ya zana akwatuna biyu a ƙarƙashina, bai cike su ba. Ya ce ba dole ba ne a ce ina ɗauke da shi, mai yiwuwa na tsira, amma in na samu hali in kawo yaran a duba. Na ce 'ya'yana lafiyarsu ƙalau, na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ɗakin yake bukata. Dada kuwa ƙafafunta take kallo.

Muka shiga motar dawowa har muka yi nisa. Ƙanena yana gaba, ni da Dada muna baya. Abin ya ci ni, na ce mata a hankali, "Dada, mutanen ɓoyen nan da muke kwashe wa hanya, su waye?"

Ta ce, "Babana yana karo da turmi. Wata rana ya fashe ƙafa, uwata ya ce daga yau a kwashe."

"Shekara arba'in ina ɗaukar turmi, ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Me kake so na ce? Na ce babana makaho? Mu mata biyar ne a gidan. Wa zai aure mu?"

Haushi nake ji, na Dada, na kakata da ban taɓa gani ba, na duk matan da suka ɗauki ciwo suka naɗe shi a cikin tatsuniyar aljanu suka miƙa mana. Da sun faɗa, da an san abin da ake ciki. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu da na ƙi dubawa, sai lissafi yake yi mini shi kaɗai. Ƙaramin ɗana kullum ina faɗa da shi a kan yawon dare. Babban kuwa ban taɓa ba. Tun yana yaro ba ya zuwa ƙwallon yamma. Shekarun da aka yi ana dokar hana fita a garin nan, samari suna ta ƙorafi, shi ko a jikinsa. Wayarsa ba ta rabuwa da hannunsa, tocilarta a kunne tun kafin duhu ya yi. Sau nawa na tsaya a gaban malamai 'yan'uwana ina alfahari, wai ɗana magariba ba ta taɓa samunsa a waje ba, tarbiyya ce. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na ƙanena.

Na kai wa mijina takardar. Ya karanta, ya ce shi ke nan, yaro ba zai bi mota ba. Ƙanena bai ajiye tuƙi a ranar ba, sai da aka yi makonni ana fama, amma daga baya ya ba wani motar, shi ya koma zama a tasha yana haɗa fasinja. Ya yi wata biyu ba ya gaishe ni. Maganar akwatuna biyun nan kuwa ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Na yi kwana huɗu ina kallon ɗana kamar baƙo, ina neman alama, ban ga komai ba. Ta ina zan gani? Tsakar gidana a share take kamar tafin hannu, kuma ni na mayar da ita haka.

A rana ta biyar, da la'asar, 'yan matana suka tashi kwashe-kwashe na ce su bari. Suka dube ni kamar na zautu. Na bar su suka ɗauke komai, sai bokitin ƙarfe guda na ce a bar mini. Na ajiye shi a tsakiyar hanyar da ta taso daga zaure zuwa ɗakin samari. Babu wuta ranar, kamar kullum. Da babban ɗana zai tafi masallaci na ce ya bar mini wayarsa zan kira wata. Na shimfiɗa tabarma a bakin rumfa, na yi sallata, na zauna.

Duhu bai gama yi ba. Daga inda nake ina ganin bokitin sarai, har da lotsawar da ke gefensa. Ƙaramin ya fara shigowa da gudu, ya kauce masa ko kallo bai yi ba, ya wuce. Na ce alhamdu lillahi, ɗaya. Sai babban ya yi sallama. Ya shigo da tafiyarsa ta kullum, kai a sama, ba ya lalube, ba ya ɗari-ɗari, har na fara jin kunyar kaina. Ya taho kai tsaye. Na ga ƙafarsa ta nufi bokitin, bakina ya buɗe zan ce "kula", ban san abin da ya riƙe ni ba.

Ƙarar ta cika gidan. Bokitin ya gangara har gindin katanga.

Ya tsaya cak, hannunsa ɗaya a miƙe a gabansa. Ya ce, "Wa ya bar abu a hanya? Yau ba a kwashe ba ne?"

Na ce, "Ba ka gan shi ba?"

Ya juyo wajen da muryata ta fito, idonsa bai sauka a kaina daidai ba. Ya yi 'yar dariya, ta mamakin tambayar. Ya ce, "Mama, wa yake gani a wannan lokaci? Ba don haka ake kwashewa ba?"

Shekara goma sha takwas yaron nan yana zaton haka magariba take ga kowa. Bai ɓoye mini komai ba, bai ma san akwai abin ɓoyewa ba. Ni da na yi wa Dada tsiya a mota, ni na share masa hanya tun yana rarrafe, na hana shi tuntuɓen da zai sa in kai shi asibiti da wuri. Na so in yi fushi, na duba ko'ina ban ga wanda zan yi da shi ba.

Na tashi na kama hannunsa na zaunar da shi a kan tabarma. Na kira 'yan matan su ma, domin abin nasu ne kamar yadda yake nawa. Na shiga ɗaki na ɗauko zanen likita, na kunna tocilar wayarsa a kai, na nuna musu baban Dada da akwatinsa baƙi, na bi da yatsa har zuwa kanmu. Na gaya musu babu wasu mutanen ɓoye, kuma jibi za mu Yola. Ɗana ya daɗe yana kallon akwatuna biyun da ke ƙarƙashin da'irata, sannan ya tambaye ni wanne ne nasa.

Har yau muna kwashe tsakar gida da la'asar. Amma bokitin nan ba na bari kowa ya ɗauke shi, ni nake ɗauka.